Karatu ko Ƙanƙara: Hanyoyi Biyar da ke Gaban Matashin Ɗan Wasa

A Babbar Sallar da ta wuce, ƙanena da ke aikin asibiti a Kanada ya zo gida Gombe da iyalinsa. A dare na biyu, bayan baƙi sun watse daga zauren gidanmu da ke Jekadafari, ya kawo wa mahaifinmu maganar da ta daɗe tana hana shi barci. Ɗansa na fari, mai shekara 16, ya fara wasan zamiya a kan ƙanƙara tun yana ɗan shekara shida, irin wanda ake yi da takalmi mai ƙarfe kamar bakin wuƙa a ƙarƙashinsa, ana tsalle ana juyi a sama ana bin kiɗa, alƙalai kuma suna ba da maki. Yaron ya yi nisa har mai horar da shi ya nemi a ƙara masa sa'o'in atisaye, ga shi kuma saura shekara biyu ya kammala sakandare ya nemi jami'a. Mahaifinmu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Ku zaɓar masa karatu, ku huta." Yaron bai ce uffan a gaban kakansa ba, sai da ya rako ni bakin mota ya ce, "Baffa, jami'a za ta jira ni, amma ƙafafuna ba za su jira ni ba."

Na shafe shekaru ina koyarwa a sakandare, kuma an sha ɗora mini kula da wasannin makaranta, saboda haka tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina. Iyayen yaran da ke atisaye a filin wasa na Pantami, masu gudu da 'yan ƙwallo, sun sha kawo mini ita da wasu kalmomi. Babu filin ƙanƙara a Gombe ko Bauchi, amma na zaɓi in yi wannan nazari a kan 'yan wasan ƙanƙara domin a wurinsu ne matsalar ta fi fitowa fili: ƙarfin ɗan wasa yana kaiwa ƙololuwa ne daidai shekarun ƙarshen sakandare da na jami'a, kuma tarihin manyansu a rubuce yake, ana iya ganin wanda ya bi wace hanya da inda ta kai shi.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma a wannan wasa kuɗin yana fita daga aljihun iyaye shekara da shekaru kafin ko kwabo ya shigo. Ana biyan hayar filin ƙanƙara bisa sa'a, ana biyan mai horarwa bisa darasi, ana biyan wanda zai tsara salon motsi a kan kiɗan da aka zaɓa. Takalmi da ƙarfensa a matakin manya sun haura dala dubu, kuma mai yawan tsalle da wuya ya wuce shekara bai sake su ba. Idan aka haɗa da kuɗin jirgi da masauki, har da na mai horarwa, ana maganar dubun-dubatar daloli ne a kowace shekara. Ƙungiyar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ba ta sa wannan wasa cikin wasanninta ba, saboda haka irin tallafin karatun da ya kai 'yar tseren Nijeriya Tobi Amusan Jami'ar Texas da ke El Paso ta hanyar gudu ba ya samuwa a nan ta wannan ƙofa. Wannan bambanci ne babba: mai gudu ƙafarsa na iya biya masa karatu, shi kuwa ɗan ƙanƙara iyayensa ne ke biyan duka biyun.

Na biyu shi ne ɗorewa, wato abin da zai rage a hannun mutum idan ya kai shekara 35, tafi ya ƙare, gwiwa ta fara ciwo. Na uku shi ne sauƙin gudanarwa, domin lissafin yini ba ya ƙarya. Kakar gasa tana farawa ne wajen Satumba, manyan gasannin ƙasa da ƙasa suna zuwa daga Oktoba zuwa Disamba, gasar ƙasa a Amurka da Kanada a Janairu, gasar duniya kuma a Maris, kuma duk waɗannan suna faɗawa a tsakiyar zangon karatu.

Na huɗu shi ne haɗari, kuma a kansa nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Manyan maza suna yin tsalle mai juyi huɗu a sama su dira da ƙafa ɗaya a kan siririn ƙarfe, suna maimaita hakan sau da dama a kowace rana. An yi wa Nathan Chen na Amurka aiki a ƙugu a 2016 yana ɗan shekara 16. Yuzuru Hanyu na Japan ya ji rauni a idon sawu a Nuwamba 2017, wata uku kafin gasar Olamfik. Michelle Kwan ta Amurka ta isa Turin ta Italiya domin Olamfik ta 2006 amma rauni ya sa ta janye ba ta shiga gasar ba. Akwai kuma raunin da ba a gani: Yulia Lipnitskaya ta Rasha, wadda ta ci zinariya tare da tawagar ƙasarta a 2014 tana da shekara 15, ta bar wasan a 2017 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci. Irin wannan damuwa ce ta sa Hukumar Wasan Zamiya ta Duniya ta yanke shawara a 2022 cewa za a ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, mataki-mataki, ya cika a kakar 2024 zuwa 2025. Ga gidajenmu akwai ƙarin ma'auni idan 'ya mace ce, wato sutura. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shiga gasa da hijabi a Italiya a 2012, alƙalai suka rage mata maki a kansa, daga baya aka daidaita lamarin ta ci gaba da gasa da shi. Duk gidan da ke da 'ya a wannan wasa ya kamata ya tattauna batun tun da wuri.

Kafin a shiga hanyoyin, akwai gargaɗi guda. Sunayen da zan ambata na waɗanda suka kai gaci ne, shi ya sa ma muka san su. A gasar Olamfik ko ta duniya, kowace ƙasa ba ta wuce mutum uku a rukuni ɗaya, ita Olamfik kuma sai bayan shekara huɗu take zagayowa. A bayan kowane suna akwai ɗimbin yaran da suka kashe kuɗi da ƙuruciya iri ɗaya ba su samu gurbi ba. Wanda zai zaɓi hanya ya auna ta da ɗansa idan bai yi nasara ba, kada ya auna ta da zakara kawai.

Hanya ta farko: cikakken karatu da cikakkiyar gasa a lokaci guda

Wannan ita ce taura biyun da mahaifinmu ya ce ba ta taunuwa, kuma gaskiya ita ce an samu waɗanda suka tauna. Debi Thomas ta shiga Jami'ar Stanford a 1985, kuma a 1986, tana ajin farko, ta lashe gasar Amurka ta kuma lashe gasar duniya. Dick Button ya ci zinariyar Olamfik ta biyu a 1952, shekarar da ya kammala digiri a Harvard, daga baya kuma ya yi karatun lauya. Nathan Chen ya shiga Jami'ar Yale a 2018, mai horar da shi Rafael Arutyunyan yana can Kalifoniya, shi kuma yana atisaye shi kaɗai a gabashin ƙasar suna tuntuɓar juna ta waya da bidiyo, amma duk da haka ya kare kambunsa na duniya a 2019. A gida ma muna da Adokiye Amiesimaka, wanda ya yi karatun lauya a Jami'ar Legas yana buga ƙwallo, yana cikin 'yan wasan da suka ci kofin Afirka a 1980, daga baya ya zama kwamishinan shari'a na Jihar Ribas.

Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Debi Thomas ta yi fama da ciwon jijiyar agara a 1987 ta rasa kambunanta biyu, kuma da Olamfik ta 1988 ta matso sai ta ajiye karatu ta koma Kolorado domin atisaye. A Kalgari ta ci tagulla, ta zama baƙar fata ta farko da ta samu lamba a Olamfik ta lokacin sanyi, ta kammala Stanford a 1991, ta gama karatun likita a Northwestern a 1997, ta zama likitar ƙashi. Chen ma shekara biyu ya yi a haka kafin ya ɗauki hutu. Wato hatta wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa ƙwazo ba su iya riƙe wannan hanya har ƙarshe ba idan babbar gasa ta zo.

Ta fuskar kuɗi ita ce mafi tsada, domin ana biyan makaranta da horo a shekara guda. Ta fuskar ɗorewa ita ce mafi kyau, domin mutum yana gama digiri tare da sa'o'insa. Wahalarta ba ta da na biyu, kuma haɗarinta shi ne ƙarancin barci, wanda ke jawo rauni a fili da faɗuwa a aji. Ga ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Tarayya ta Kashere akwai ƙarin cikas, domin galibin jami'o'inmu suna da ƙa'idar yawan halartar aji kafin a zauna jarrabawa, kuma kalandar karatu tana iya sauyawa, kamar yadda yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas. Wanda ya tsara atisayensa bisa hutun zango zai iya wayar gari jarrabawa ta faɗo a makon gasa.

Hanya ta biyu: a karɓi gurbin jami'a, a fara, sannan a ɗauki hutun karatu

Ita ce na fi so a yi wa kallon tsanaki, domin a ganina ita ce ta fi sasanta maganar kaka da ta jika. Labarin Chen ya nuna yadda take aiki. A Olamfik ta 2018 a Koriya ta Kudu ya yi kuskure a zagayen farko har ya faɗo na 17, sannan ya zo na ɗaya a zagaye na biyu, ya ƙare a matsayi na biyar. Bayan wata kaɗan ya shiga Yale, ya yi shekara biyu yana karatun ƙididdiga da kimiyyar bayanai, sannan a 2020 ya ɗauki hutu ya koma wurin mai horar da shi. A Olamfik ta 2022 a Beijin ya kafa tarihi da maki 113.97 a zagayen farko, ya ci zinariya, ya koma aji a kakar wannan shekarar, ya kammala digiri a 2024. Tenley Albright ta bi makamanciyar hanya tun da daɗewa: ta warke daga shan inna tana yarinya, ta shiga Kwalejin Radcliffe a 1953, ta dakatar da karatu domin Olamfik, ta ci zinariya a Italiya a 1956, sannan ta kammala karatun likita a Harvard a 1961 ta zama likitar fiɗa.

Abin da ya bambanta wannan hanya da ta huɗu, wato gasa tukuna karatu daga baya, shi ne takarda. Yaron da ya tafi atisaye yana riƙe da lambar rajistar jami'a ɗalibi ne da ya ɗauki hutu, yana da ranar komawa, malamansa sun san fuskarsa, kuma shi kansa ya ɗanɗani zaman aji ya san zai iya. Idan ya karye a wata na uku, yana da inda zai koma a zango mai zuwa. Wannan kwanciyar hankali tana da tasiri har a kan ƙanƙara, domin wanda ya san rayuwarsa ba ta rataya a kan tsalle ɗaya ba ya fi sakin jiki.

Kuɗinta ya fi na farko sauƙi a kowace shekara, tunda a shekarun hutu horo kawai ake biya, amma jimillar shekarun da iyaye za su ɗauki nauyin yaron ta ƙaru. Ɗorewarta kusan daidai take da ta farko. Gudanar da ita yana buƙatar bin ƙa'ida sau da ƙafa, kuma a nan ne na ga yaranmu suna yin asara. Sakamakon JAMB na shekarar da aka zauna shi ne kawai, ba a ajiye shi. Dole a karɓi gurbin, a bi matakan rajista, sannan a rubuta takardar neman jinkiri ta hannun shugaban sashe, a jira amincewa a rubuce kafin a tafi. Na san yaron da ya tafi gwajin ƙwallo da yardar baki ta wani malami, ya dawo bayan zango biyu ya tarar an ɗauke shi a matsayin wanda ya bar karatu da kansa. Jami'o'i kuma suna da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi kafin ya kammala, ga shi wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Babban haɗarin hanyar shi ne hutun shekara ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, saboda haka ranar komawa ya kamata a yanke ta tun kafin a tafi, ko an yi nasara ko ba a yi ba.

Hanya ta uku: karatu daga nesa

Yuzuru Hanyu na Japan ya koma Toronto a 2012 domin horo a hannun Brian Orser, mahaifiyarsa ta bi shi ta zauna tare da shi. A 2013 ya yi rajista a sashen karatu ta intanet na Jami'ar Waseda, ya ci zinariyar Olamfik a 2014 da 2018, abin da babu namijin da ya yi a jere tun bayan Dick Button, ya kuma kammala digirinsa a 2020 da bincike a kan amfani da na'urar ɗaukar motsin jiki wajen nazarin tsalle. Shekara bakwai ya yi a kan digirin da aka saba yi a huɗu, kuma wannan shi ne farashin hanyar.

Ita ce mafi arha a cikin waɗanda ke haɗa abu biyu, kuma ba ta raba ɗan wasa da mai horar da shi. A wajenmu Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya tana da cibiyoyin karatu a Gombe da Bauchi, saboda haka ɗan wasan da ke sansanin kulob zai iya bin ta. Amma tana da iyaka biyu. Karatun likita da sauran fannonin da ke buƙatar ɗakin gwaji ko asibiti kullum ba sa yiwuwa ta wannan hanya. Sannan babu ƙararrawa, babu malamin da zai lura ba ka zo ba, kuma yaron da ya dawo daga atisaye a gajiye, wuta ta ɗauke, kuɗin data ya ƙare, shi kaɗai ne zai tilasta wa kansa buɗe littafi. Na ga ta yi wa manya masu shekara 23 zuwa sama amfani, amma ban cika ba ɗan shekara 17 shawarar ta ba, sai idan akwai babba a kusa da zai riƙa duba aikinsa kowane mako.

Hanya ta huɗu: gasa tukuna, karatu daga baya

Wannan ita ce abin da ɗan ƙanena yake nufi da cewa jami'a za ta jira shi, kuma Michelle Kwan ce hujjarsa. Ta lashe gasar duniya sau biyar, ta Amurka sau tara, ta ci azurfa a Olamfik ta 1998 da tagulla a ta 2002. Ta taɓa gwada jami'a a Los Anjelas na ɗan lokaci ta bari, sai bayan ta daina gasa ta shiga Jami'ar Denver a 2006, ta yi digiri na biyu a Tufts a 2011, kuma a 2022 aka naɗa ta jakadiyar Amurka a ƙasar Belize.

Labari ne mai daɗi, amma Kwan ta koma aji ne da suna da dukiyar da ta tara, a ƙasar da jami'o'i suka saba karɓar manya. Ɗan wasan da ya ƙare a matsayi na goma sha biyu a ƙasarsa yana komawa ne da shekara 26, ba kuɗi, lissafin sakandare ya gudu daga kansa, iyaye kuma sun riga sun kashe abin da suka tanada. A lokacin gasa ita ce mafi sauƙin gudanarwa, ita ce kuma ta fi ba da damar kaiwa ƙololuwa, amma haɗarinta ya fi na kowace hanya, kuma a yankinmu ya ninka. Yaron da ya bar aji biyu na babbar sakandare saboda wani dillali ya yi masa alkawarin gwaji a Turai, idan abin ya wargaje, nauyin aure da na gida yana hawa kansa kafin ya yi tunanin komawa makaranta. Na ga hakan fiye da sau ɗaya, kuma yana cikin abubuwan da suka fi ɓata mini rai a aikin koyarwa. Duk wanda zai bi wannan hanya, sharaɗin da ba a sassautawa shi ne ya fara riƙe sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, domin shi ba ya lalacewa da tsufa kamar na JAMB.

Hanya ta biyar: a sauka daga babbar gasa, a riƙe karatu

Ita ce shawarar mahaifinmu, kuma ba ta nufin a jefar da takalmi. Sarah Hughes ta ci zinariyar Olamfik a 2002 tana da shekara 16, ta yi gasarta ta ƙarshe a 2003, ta shiga Yale, daga baya ta zama lauya. Ita ta sauka ne bayan ta kai gaci. Misalin da ya fi dacewa da mai fargabar cewa ba a dawowa shi ne na Alysa Liu, wadda ta lashe gasar Amurka tana da shekara 13, ta bar wasan a 2022 tana da 16, ta shiga jami'a, sannan ta dawo a 2024 ta lashe gasar duniya a Boston a 2025. Irin wannan dawowa ba ta da yawa, kuma ba zan ce wa yaro ya dogara da ita ba. Hanyar ita ce mafi arha, mafi ƙarancin haɗari ga jiki da aljihu, kuma mutum yana iya ci gaba da wasa a matakin jami'a, kamar yadda namu ke yi a gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, NUGA, ko ya koyi aikin horarwa da alƙalanci. Haɗarinta ɗaya ne amma mai nauyi: idan tilasta wa yaro aka yi, yana iya riƙe abin a zuciya shekaru, kuma karatun da aka yi da ƙunci ba ya yin albarka yadda ake so.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin gudanarwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Karatu da gasa tare | Mafi tsada | Mai kyau ƙwarai | Mafi wahala | Gajiya, rauni, faɗuwa jarrabawa |
| Gurbi sannan hutu | Matsakaici, amma shekaru sun ƙaru | Mai kyau ƙwarai | Sai an bi ƙa'idar takardu | Hutu ya zarce, a rasa gurbi |
| Karatu daga nesa | Mai sauƙi | Mai kyau, fannoni ƙalilan | Ya dogara da horon kai | A watsar a tsakiya |
| Gasa tukuna | Horo kawai a farko | Ba ta da ƙarfi idan ba a yi fice ba | Mai sauƙi lokacin gasa | A tashi babu ko ɗaya |
| Sauka daga gasa | Mafi arha | Mai kyau ƙwarai | Mafi sauƙi | Nadama idan dole aka yi |

Wace hanya ta dace da wa

Tambayar da ke raba gardama ita ce matsayin yaron na gaskiya, kuma ba uwa ko uba ne za su amsa ta ba, ba kuma mai horarwar da ake biya bisa darasi shi kaɗai ba. Sakamakon gasa ne ke amsa ta, tare da ra'ayin wani masani na biyu wanda ba shi da abin da zai samu. Yaron da hukumar wasan ƙasarsa ta riga ta zaɓa tana tura shi gasar ƙasa da ƙasa, ko ɗan ƙwallon da ke da kwantiragi a rubuce da kulob irin su Gombe United ko Wikki Tourists, shi ne ya cancanci hanya ta biyu, kuma idan fannin da yake so ba ya buƙatar ɗakin gwaji, ta uku ma tana iya yi masa. Wanda yake da ƙwazo a aji sosai, jami'arsa tana kusa da wurin atisaye, iyayensa kuma suna da hali, zai iya fara hanya ta farko na shekara ɗaya ko biyu, da sanin cewa mai yiwuwa ta rikiɗe ta koma ta biyu. Hanya ta huɗu ban yarda da ita ba sai ga wanda wasan ya riga ya fara biyansa kuɗin da zai iya ajiyewa, kuma yana riƙe da takardar sakandare. Wanda ya kai shekara 17 yana yin fice a jiha ko yanki amma bai taɓa kusantar sahun farko na ƙasa ba, ko wanda rauni ɗaya ya dawo masa sau biyu, ko gidan da sai an sayar da gona ko an tauye karatun ƙanne kafin a biya horo, hanya ta biyar ce tasu, kuma waɗannan su ne mafi yawa.

Ɗan ƙanena yana tsakanin rukuni na farko da na ƙarshe, domin yana zuwa gasar ƙasa a matakin matasa amma ba a taɓa tura shi waje ba. Abin da muka tsayar kafin su koma shi ne zai ƙarasa sakandare a aji kamar kowa, ba za a rage masa darasi ko ɗaya ba, kuma zai nemi jami'o'in da ke kusa da filin da yake atisaye waɗanda ke da tsarin hutun karatu a rubuce. Sakamakonsa na Janairu biyu masu zuwa ne zai nuna ko za a nemi hutun ko kuwa zai koma wasa a matakin jami'a. Mahaifinmu ya amince bisa sharaɗi guda, ya ce wa ƙanena, "Takardar shiga jami'ar nan, ni za a fara aiko wa in gani, kafin a yi maganar wani hutu." Yaron ya durƙusa ya ce, "To, Alhaji, in sha Allahu."